Kwana Goma Sha Ɗayan da Na Yi Shiru a Gefen Kak Rozita

Ku da kuke taruwa a shagon mamak, wato teburin mai shayi, na Sri Petaling a nan Malesiya duk Asabar bayan La'asar, kuna shan shayin Indiyawan nan mai kumfa, kuna cewa Kawu Bala ba shi da aiki sai danna kwamfuta a cikin iyakwandishan, na ji ku. Har wanda ya ce in aka ba shi kujerata zai riƙe aikin da hannun hagu yana cin gurasar roti da na dama, shi ma na ji shi, kuma na san babansa tun yana da gashi a ka. Kun gama digiri jiya, takardar ma tawada ba ta bushe ba, kuna ta turo mini saƙo in samo muku gurbi. To, kafin in samo, ku zauna ku ji abin da ake yi a kujerar.

Sana'ata riƙon bayanan ɗalibai ce. Kamfanin da na fara da shi ƙarami ne, hawa na huɗu a wani gini kusa da titin Jalan Semarak, a saman wani mai gyaran haƙori. Mu ne muke yi wa kwalejoji masu zaman kansu manhajar da ɗalibi yake shiga ya yi rajista, ya ga sakamakonsa, a ga ko yana zuwa aji. Ku manhajar kuke gani. Mu abin da ke bayanta muke gadi: hoton fasfo, ranar da biza za ta ƙare, darasin da mutum ya faɗi, lambar uwarsa da ta ubansa, har sakamakon gwajin asibitin nan da ake yi wa kowane baƙo kafin a buga masa biza. Wallahi akwai lokacin da na fi wasu iyayen sanin 'ya'yansu. Na fi wasu 'ya'yan ma sanin kansu.

Aikin farko da aka ba ni shi ne raba sunayen 'yan Najeriya. Wata kwaleji ta turo jadawali, a ciki Abubakar Sadiq sun kai a kafa ƙungiyar ƙwallo da su har da 'yan benci, kuma rabinsu ranar ɗaya ga Janairu aka haife su. Kwamfuta ta ɗauka mutum ɗaya ne yake ta maimaita rajista, ta haɗe su wuri guda, Abubakar mai karatun haɗa magunguna ya wayi gari ya ci jarrabawar gyaran jirgin sama. Sati biyu na yi ina buɗe fasfo ɗaya bayan ɗaya ina raba su. Da na gama na miƙe ina jiran a tafa mini. Wadda take koya mini aikin ta leƙo, ta ce, “Fasfo nawa ka buɗe?” Na faɗa mata. Ta ce, “Nawa ka rufe?” Ashe duk suna nan birjik a kan allona, ga mai kawo ruwan sha yana wucewa ta bayana.

Ita ce Kak Rozita. Kak a bakin Malayawa kamar mu ce Yaya ne. 'Yar guntuwar mata, da tabarau da igiya, muryarta ba ta wuce teburinta, amma in ta kira sunanka sai ka ji kamar an kira ka gaban alƙali. Ita ce shugabar sashenmu, kuma sunanta ne a rubuce a wajen hukuma a matsayin mai kula da bayanai. Ni kuwa na zo mata da digiri da baki. Daga ranar fasfon nan, wata uku na yi ba ta bar ni na sake taɓa rumbun bayanan ba, sai injin yayyanka takarda. Ni da injin nan mun shaƙu har na san kukansa in ya ƙoshi.

Ranar da na tashi sallar Azahar na bar kwamfutata a buɗe, na dawo na tarar kowa yana yi mini godiya, har mai shara. Ashe ta zauna a kujerata, ta aika wa ofis gaba ɗaya saƙo da sunana cewa gobe Bala ne zai kawo wa kowa abincin rana. Na ce, “Kak, ai wannan zalunci ne.” Ta ce, “Ni na rubuta? Duba. Sunanka ne a jiki, lah.” Da “lah” ɗin nan Malayawa suke rufe magana. Washegari na hau bene da ƙullin shinkafa kamar mai kai abinci gidan biki. Daga ranar ko atishawa zan yi sai na kulle allo.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Allo biyu. Injin takardar nan. Lambar sirri, kowa da tasa, kuma ba kowace lamba take buɗe kowace ƙofa ba. Tawa tana duba ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, ta Kak Rozita kaɗai ce take iya kwaso jadawali guda ta fito da shi waje. Sai babban cikinsu, abin da muke kira littafin sawu: duk wanda ya buɗe wani abu, manhaja tana rubuta sunansa da ranar da mintin. Ba ya mantuwa, ba ya jin kunyar kowa, ba shi da ɗan'uwa.

Shekarar da ta tafi aikin Hajji ta kira ni, ta rubuta lambarta ta sirri a 'yar takarda ta ba ni, saboda kwalejoji ba za su jira ta dawo ba. Ta ce in na haddace in ba injin. Na haddace, na ba injin. Da ta dawo ta raba mana dabino da zamzam, amma ba ta canja lambar ba. Ni kuma ban tuna mata ba. Na gaya wa kaina mantuwa ce. Ba mantuwa ba ce, daɗin riƙe babban mabuɗi nake ji.

Masu cinikinmu a takarda kwalejoji ne. Amma ni ina da wasu na daban, waɗanda ba su sa hannu a ko'ina ba. Da labari ya isa gida cewa akwai Bahaushe a cikin kwamfutar makarantun Malesiya, wayata ta zama ofishin 'yan sanda. “Bala, ni ne yayan matar Kawunka na Fagge. Duba min yaron nan, yana shiga aji kuwa?” “Malam Bala, yarinyar nan ta ce ta ci duka, gaskiya ne?” Ni kuwa gwani ne. Yau manhaja ta tsaya, gobe an yi ruwa intanet ta jiƙe, jibi shugabata tana tsaye a kaina da sanda. Shekara da shekaru ban ba kowa komai ba, har ina yi wa kaina kirari. Amma ku lura da kyau: ban taɓa ce wa babba a'a ba. Zillewa kawai nake yi. Ban san bambancin ba sai ranar da babu wajen zillewa.

Duk kun san Alhaji Inuwa na Chow Kit, mai shagon garin rogo da manja da daddawa. Wanda bai sani ba, shi ne uban 'yan Arewa a garin nan. Ranar da na sauka ƙasar nan da jaka ɗaya da adireshin ƙarya, a bayan shagonsa na kwana wata biyu a kan buhunan wake. Shi ya kai ni masallaci, shi ya koya mini hawa jirgin saman titi, shi ya tsaya mini waliyyi da na yi aure.

A shekarar da aka tsaurara dokar kare bayanai, wani ɗalibinmu ya yi hatsarin babur, Allah ya karɓi ransa. Wayarsa a kulle, abokansa laƙabinsa kawai suka sani, ga hutun ƙarshen mako ofishin kwaleji a rufe. Kwana biyu gawar tana asibiti ana neman lambar iyayensa. Alhaji ne ya yi masa wanka da hannunsa. Bayan an rufe shi, muna tsaye a ƙofar maƙabarta ana wanke ƙafa, ya kama hannuna a gaban dattawa.

“Bala, an ce duk yaranmu suna cikin na'urarka.”

“Suna ciki, Alhaji, amma ka san manhajar kwanan nan…”

“Kar ka kawo mini zancen ruwan sama. Yau ba a yi ruwa ba.” Dattawa suka yi 'yar dariya. Shi bai yi ba. “Uwar yaron nan tana can tana daka masa yaji za ta ba mai zuwa, shi kuwa yana cikin firij ɗin asibiti. Sunayen yara da lambar iyaye kawai nake so. In ajiye a aljihuna. In Allah ya sake kawo irin wannan, kar mu sake jin kunya.”

“Alhaji, akwai doka.”

“Dokar ce ta yi masa wanka?”

Kowa yana kallona. Hannunsa har lokacin da ƙasar kabari a jiki. Na buɗe baki in ce a'a, na ji bakin ya ce, “In sha Allahu.”

Ranar Juma'a ce, kowa yana haramar tafiya masallaci, Kak Rozita ta sauka sayen abinci. Na shiga da lambarta, na zaɓi 'yan Najeriya na duk kwalejojinmu, na kwaso. Jadawalin ya fito da layuka har ba sa ƙirguwa: fasfo, biza, faɗuwa, fashin aji, asibiti. Ni suna da lambar iyaye kawai zan bayar. Aikin minti biyar ne a kwafe layi biyun nan a zuba a sabon fayil mai tsabta, haka aka koya mini. Amma liman ya kusa hawa mumbari, ni kuma ina ta waiwayen ƙofa. Sai na zaɓi sauran layukan na danna “ɓoye”. A ido sun tafi. A fayil suna nan daram, kamar ka tura kayan wanki ƙarƙashin gado ka ce ka share ɗaki. Ɗan koyo na sati ɗaya ba zai yi wannan ba. Ni na yi, da furfurata, sannan na tafi na samu sahun gaba.

Ranar Lahadi da hantsi ina cikin cin ƙosan da matata ta soya, wayata ta yi ƙara. Guruf ɗin 'yan Arewa ne, wanda yake ɗauke da ɗalibai da 'yan kasuwa da direbobi da mutanen da ba wanda ya san wa ya saka su. Alhaji ya tura fayil ɗin, ya bi shi da murya: “Jama'a, ga sunayen yaranmu, kowa ya duba in lambar gidansu daidai ce. Allah ya saka wa wanda ya taimaka.” Allah ya sa bai kira sunana ba. Ƙosan nan har yau ban san inda ya bi ba.

Na kira shi. “Alhaji, ka ce aljihunka!”

“To ai ni ba na ganin ƙananan rubutun nan. Na ce su duba da kansu. Laifi ne?”

Kafin in koya masa yadda ake gogewa, rabin duniya ta sauke.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Doka ta ce in bayanai suka fita, kamfani yana da kwana uku ya sanar da hukuma, sannan a gaya wa mutanen da abin ya shafa su yi hattara. Na san wannan. Ni na liƙa takardar a bangon ofis, ni na sayo salatif ɗin. Da na hau bene ranar Litinin na faɗi gaskiya, da an kira kwalejoji, da an gargaɗi iyaye. Sai na ce wa kaina wa zai lura da ɓoyayyen layi? Mutanenmu ko saƙo mai layi uku ba sa karantawa. Na shiga ofis na gaida kowa, har da ba da labarin ban dariya.

An lura. Cikin mako guda aka fara kiran uwaye a Kano da Kaduna da Gusau. Mai kiran yana da Hausa, yana da lambar fasfon yaro, ya san kwas ɗinsa, ya san ranar da bizarsa za ta ƙare. “Hajiya, ɗanki yana hannun jami'an shige da fice, in ba a yi wani abu yau ba, sai kurkuku.” Wata uwar a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi, ɗanta kuwa yana nan Sri Petaling yana barcin rana. Wata ɗaliba kuma, abin da likita ya rubuta a kanta, wanda ko ƙawarta ba ta gaya wa ba, ya zama abin hira a ɗakunan kwanan ɗalibai. Ta fita daga guruf, ta daina zuwa aji, daga baya na ga an rufe fayil ɗinta. Ni na rufe shi, aikina ne.

Kwaleji ta kira mai kamfanin, mai kamfanin ya kira lauya, aka buɗe littafin sawu. Ranar Juma'a, ƙarfe goma sha biyu da 'yan mintuna, wanda ya kwashi jadawali: Rozita.

Lauyan ya tara mu ya yi bayani dalla-dalla. A da, in ji shi, kamfani irin namu yana iya fakewa a bayan kwaleji, ya ce shi ɗan aike ne. Yanzu doka tana kama mai riƙe bayanan kai tsaye. Akwai tara, akwai ɗauri, ana iya haɗa wa mutum duka biyun. Kuma ba kamfani kaɗai ba, har jami'in da abin yake wuyansa. In kuwa aka tabbatar mutum da gangan ya fitar ya sayar, wannan shari'arsa daban. Yana faɗa yana kallon takarda, kowa yana kallon Kak Rozita. Ni ina kallon takalmina, kamar ranar na fara ganinsa.

Aka ce kar ta sake taɓa rumbun, sai dai ta zauna a gefen wani ya buɗe mata. Ta zaɓe ni. Kwana huɗu muna zaune kafaɗa da kafaɗa muna neman ɓarawo. Ni ne mai kawo shawara. Na ce ƙila 'yan kutse ne daga waje, muka bincika, babu. Na ce ƙila cuta ce ta shiga kwamfutarta, muka kwance ta har ƙusa, babu. Na kawo sunayen ƙasashen da ko a taswira ban san inda suke ba. Kullum da safe sai na tsaya a ƙasa na yi mata tapau, wato na sa a ƙulle mata shayi da burodi in hau da su, saboda na ga ta daina cin abinci. Tana karɓa tana cewa, “Allah ya yi maka albarka, Bala.” Ina amsawa da amin.

Rana ta goma sha ɗaya da fitar fayil ɗin jami'an hukuma suka zo, mace da namiji, masu ladabi kamar sun zo neman aure. Suka ce in zauna, tunda ni ke buɗe mata na'ura. Macen ta juyo da kwamfutarta, ta nuna fayil ɗin da aka samo a wayar wani ɗalibi, ta danna sau biyu, ɓoyayyun layukan suka baje.

Kak Rozita ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo. Sai na ga fuskarta ta saki, karo na farko a kwanakin nan. Ta ce, “To, alhamdulillah. Ba daga ofishina ba ne.”

Jami'ar ta ce, “Ta yaya kika sani?”

“Wanda ya yi wannan ɓoye layi ya yi, bai goge ba. Ba wanda na koya wa aiki da zai yi haka. Ga Bala nan, da hannuna na koya masa. Ku tambaye shi.”

Suka juyo. Iyakwandishan ɗin nan da kuke yi mini gori a kansa yana ta aiki, rigata kuwa kamar an tsamo ta daga kogi. Ni da ba a taɓa kayar da ni a zance ba, daga Kantin Kwari har Chow Kit, na nemi ƙarya ɗaya tak na rasa.

Na ce, “Kak, ni ne.”

Ba ta yi ihu ba. Ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a igiya. Namijin ya jawo takarda ya ce in fara daga farko. Na ba su labarin gawar da maƙabartar da Alhaji. Na zaci in sun ji niyyar alheri ce za su sassauta. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya ji ƙan mamacin, sannan ya yi tambayar da ban shirya mata ba: “Wa ya ba ka lambarta? Tun yaushe? Kuma yaushe ka san fayil ɗin ya fita?”

Na ɗauka in na faɗi gaskiya na wanke ta ke nan. Rabi na wanke. Zargin sayarwa ya sauka daga kanta, da shi da tsoron ɗauri. Amma bakina ne ya tabbatar musu cewa mai kula da bayanai ta ba wani mabuɗinta, shekaru ba a canja ba, kuma ma'aikacin kamfani ya san da ɓarnar tun ranar farko ba a sanar da kowa ba. Kamfanin ya amsa laifi aka ci shi tara. Ni ma aka ci ni tawa daidai tsayina. Tarar ba ita ta kashe mu ba. Kwalejoji ne suka janye ɗaya bayan ɗaya, don ba shugaban makarantar da zai tsaya gaban iyaye ya ce har yanzu yana tare da mu. Kafin azumi ya zagayo an sauke allon sunanmu, mai gyaran haƙori ya haɗa da hawa na huɗu.

Alhaji ya zo har gida da ledar kilishi, ya zauna a bakin kujera ya ce, “Ni alheri na nufa.” Na ce na sani, Alhaji. Shi ai tambaya kawai ya yi. Wanda ya san doka, ya san layi, ya san kwana uku, yana zaune a gabansa yana cin kilishi.

Kak Rozita ba ta sake samun aiki a wannan layin ba. Sunanta yana cikin takardun shari'a, kuma garin nan duk girmansa masu sana'armu sun san juna. Yanzu tana taya ƙanwarta a shagon ɗinkin labule. Ni kuwa da na nemi aiki a inda nake yanzu, suka ce sai na kawo takarda daga shugabata ta baya. Sati uku ina zagaya unguwar shagon kamar mai neman gidan haya kafin in shiga. Na same ta da awo a wuya. Na fara dogon jawabin da na haddace, ta ɗaga hannu.

“Jadawalin ban riƙe ka da shi ba. Ni na ba ka lambar, wannan nawa ne. Da gawa a gabana, ban san me ni ma zan ce ba.” Ta ci gaba da auna yadi. “Shayin nan ne, Bala. Kwana huɗu kana kawo mini shayi.”

Ta zauna ta rubuta takardar a kan teburin yanka, ta liƙe ambulan, ta ba ni. Ban san abin da ke ciki ba sai a gaban sabon maigidana, wanda ya buɗe ya karanta a fili, ni ina zaune. Ta ce na san aikin fiye da duk wanda ta koya wa. Ta ce ba zan sake ɓoye layi ba har in mutu, wannan ta tsaya mini. Layin ƙarshe kuma ta ce ina faɗin gaskiya, amma a makare.

Mutumin ya ajiye takardar ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, “Makara kamar ta yaya?”

Na ce, “Kwana goma sha ɗaya, Yallaɓai.”

Ya ce, “A nan uku ne.”

Na ce na sani.